Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi: Gardamar Rancen Gwamnatin Amurka ga Masu Ƙera Motocin Lantarki

Ranar 22 ga Mayun 2013 kamfanin Tesla ya aika wa baitulmalin Amurka dala miliyan 451 da 'yan kai. Ragowar bashin dala miliyan 465 ne da Ma'aikatar Makamashi ta ba shi, ya biya har da kuɗin ruwa, saura shekara tara wa'adi ya cika. Ba a rufa wata bakwai ba, a Nuwambar wannan shekarar, wani kamfanin motocin lantarki mai suna Fisker ya garzaya kotu ya ce jarinsa ya karye. Shi ma daga asusu ɗaya ya ci bashi, a shekara ɗaya aka amince musu, ma'aikata ɗaya ce ta duba takardunsu. A kan Fisker gwamnati ta tafka asarar kusan dala miliyan 139.

Tun daga lokacin, duk wanda zai yi gardama a Amurka kan ko ya dace a ɗebi kuɗin haraji a tallafa wa masu ƙera motocin lantarki, ɗaya daga cikin labaran nan biyu yake riƙe da shi a aljihu. Mai goyon baya ya zaro Tesla, mai adawa ya zaro Fisker, kowa ya koma gida yana ganin ya yi kaye. Ni kuwa da na zauna na bi lissafin, abin da ya fi tsaya mini a rai bai shafi Fisker ba. A wajen Tesla, wanda ake kafa hujja da shi, a nan ne mai biyan haraji ya fi yin ciniki maras daɗi.

Mu fara da asusun kansa, domin da yawa daga masu zaginsa ba su san wanda ya haife shi ba. Ana jingina shi ga Barack Obama, amma George W. Bush, ɗan jam'iyyar Republican kuma mutumin Texas mai arzikin mai, shi ya sa hannu a dokar makamashin da ta kafa shi a Disambar 2007. Damuwar lokacin ita ce tsadar fetur da dogaro da man ƙasashen waje; a Yulin 2008 gangar ɗanyen mai ta kai dala 147. Majalisa ta ƙara wa kamfanonin motoci ƙa'idar cewa dole motocinsu su rage shan mai, kamfanonin suka ce sauya injinan masana'anta yana cin kuɗin da ba su da shi, sai aka yi musu asusun rance mai sauƙi da ake kira ATVM a taƙaice. A ƙarshen 2008 aka ba shi ikon bayar da rancen da ya kai dala biliyan 25.

Akwai abu biyu a tsarin da sai an riƙe su kafin sauran zancen ya zauna. Na farko, kuɗin ruwan da ake ɗora wa kamfani daidai yake da wanda gwamnatin Amurka kanta take biya idan ta ci bashi, wato mafi arha a kasuwa. Kamfanin da babu bankin da zai kalle shi sai ya samu kuɗi a farashin da ake ba gwamnati. Tallafin yana ɓoye ne a cikin wannan giɓin, ko da an biya bashin har sisin kwabo. Na biyu, majalisar ta ware dala biliyan 7.5 a gefe don toshe asarar da za a iya yi. Ma'ana, tun kafin a fitar da dala ɗaya, 'yan majalisa na jam'iyyun biyu sun amince cewa kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin zai iya salwanta. Waɗanda daga baya suka riƙa salati don Fisker ya faɗi, sun yi kamar ba da su aka yi wannan lissafin ba.

Da aka zo rabo a 2009, lokacin da bankunan duniya suka ɗaure bakin jaka, ba ƙananan kamfanonin lantarki ne suka kwashi kaso mai tsoka ba. Ford ne, da dala biliyan 5.9, kuma akasarin kuɗin ya tafi wajen gyara masana'antu 13 don ƙera motocin fetur masu tsimin mai. Nissan na Japan ya samu biliyan 1.45 don ƙera motar Leaf da batirinta a Smyrna ta jihar Tennessee. An amince wa Fisker miliyan 529, Tesla miliyan 465, sai daga baya, a 2011, wani ƙaramin kamfani mai ƙera motocin ɗaukar masu keken guragu, VPG, miliyan 50. Su biyar ke nan. Kada kuma a haɗa wannan da kuɗin ceton da aka zuba wa General Motors da Chrysler a daidai lokacin. Wancan daga wani asusu ne daban, kodayake a bakin mai gardama duk miya ɗaya ake yi da su.

Labarin Fisker ya cancanci a tsaya a kansa, don duk wani abin da masu adawa ke tsoro ya taru a cikinsa. Henrik Fisker ɗan ƙasar Denmark ne, gwanin zana surar mota, kuma motarsa Karma kyakkyawa ce ta nuna wa tsara. Farashinta ya haura dala dubu 100. Ba a Amurka ake haɗa ta ba, a Finland ne, abin da ya ba 'yan adawa damar cewa ana ɗaukar harajin Ba'amurke ana biyan ma'aikatan Turai, kodayake ma'aikatar ta ce an kashe kuɗinta ne kan ayyukan da aka yi a cikin gida. Babban kason rancen an tsara shi ne don wata mota ta biyu mai rangwamen farashi da za a ƙera a wata tsohuwar masana'antar General Motors a Wilmington ta jihar Delaware. Delaware kuwa jihar Joe Biden ce, wanda a lokacin shi ne mataimakin shugaban ƙasa, kuma da kansa ya halarci bikin sanarwar a Oktobar 2009. Ko da babu wani abin da aka ƙulla a bayan fage, hoton kaɗai ya isa abin yamiɗiɗi. Ba a taɓa ƙera mota ko ɗaya ta sayarwa a wannan masana'anta ba.

Daga nan masifu suka riƙa zuwa suna sallama. Kamfanin ya kasa cika alkawuran da ya ɗauka kan lokacin fito da mota, sai ma'aikatar ta toshe famfon a 2011 bayan ya ja kusan miliyan 192. A Maris ɗin 2012 mujallar Consumer Reports, wadda Amurkawa ke dubawa kafin su sayi kaya, ta sayi Karma don gwaji, motar ta mutu a hannunsu tun ba a je ko'ina ba. Kamfanin A123 da ke yi wa Fisker batir, wanda shi ma ya ci tallafin gwamnati, ya durƙushe a Oktobar 2012. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. A watan dai guguwar Sandy ta yi ambaliya a tashar jiragen ruwa ta Newark ta lalata sabbin motocin Fisker kusan 300. A ƙarshe gwamnati ta yi gwanjon takardar bashin a kan dala miliyan 25 kacal. Abin da ya ƙara wa miyar gishiri shi ne wanda ya gaji gawarwakin biyu: kamfanin Wanxiang na China ya sayi A123, sannan a 2014 ya sayi kadarorin Fisker a kan kusan miliyan 149.

A wannan yanayi ne, ga kuma ƙurar Solyndra, kamfanin faifan sola da ya nutse da lamunin gwamnati na dala miliyan 535 a 2011, Mitt Romney, ɗan takarar Republican, ya tsaya a muhawarar takarar shugaban ƙasa ta Oktobar 2012 ya jero Solyndra da Fisker da Tesla, ya ce wa Obama ba gwanaye yake zaɓa ba, faɗaɗɗu yake tsincewa. A kan biyu ya yi daidai. Na ukun shi ne kamfanin da darajarsa a kasuwar hannun jari ta haura dala tiriliyan 1 a Oktobar 2021. Ba na kawo wannan don in yi wa Romney dariya ba. Mutum ne da ya yi arzikinsa a harkar zuba jari, kuma idan irinsa bai iya bambance mai rai da matacce ba a 2012, to hujjarsa ta cewa ma'aikacin gwamnati ba zai iya ba tana da ƙarfi, sai dai ta sare shi shi ma. 'Yan kasuwa masu zaman kansu sun zuba wa Fisker sama da dala biliyan 1 na aljihunsu, sun fi gwamnati asara nesa ba kusa ba. Babu wanda ya kira su gaban majalisa.

In aka tattara lissafin zagayen farko, ba wani abin tashin hankali a ciki. An fitar da kusan dala biliyan 8. Tesla ya biya a 2013, Nissan a 2017, Ford ya kammala a 2022. Asarar ita ce miliyan 139 na Fisker da kusan miliyan 42 na VPG, jimla miliyan 181, wato kashi 2 da ɗoriya cikin 100, a asusun da aka yi wa tanadin asarar kashi 30. Kuɗin ruwan da sauran suka biya ya rufe wannan ramin. Amma bugun da ma'aikatar ta sha a siyasance ya sa ta noƙe: daga 2011 har zuwa 2022 ba ta sake kammala wani sabon rance daga asusun ba, biliyoyin da suka rage suna zaune. Wasu ƙananan kamfanoni, irin su Aptera da Bright Automotive, sun rufe ƙofa suna jiran amsar takardunsu.

Yanzu mu koma ga Tesla, inda na ce ainihin matsalar take.

A ƙarshen 2008 Tesla yana gargara. Shugaban kamfanin, Elon Musk, da bakinsa ya sha faɗin cewa sai a jajibirin Kirsimeti aka samu kuɗin da ya hana kamfanin mutuwa. Motar da yake da ita guda ce, Roadster, mai kujeru biyu da farashin da ya haura dala dubu 100, abin wasan attajirai. A Mayun 2009 kamfanin Daimler na Jamus, mai Marsandi, ya ba da dala miliyan 50 ya karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na Tesla. Wata guda bayan nan gwamnatin Amurka ta amince da rancen miliyan 465, ninki tara na abin da Daimler ya sa. Da wannan kuɗi aka tsara motar Model S aka kuma shirya layin ƙera ta a Fremont ta California, tsohuwar masana'antar haɗin gwiwar General Motors da Toyota da Tesla ya saya a kan miliyan 42. Amincewar gwamnati ta zama shaida a gaban masu zuba jari lokacin da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a Yunin 2010, kowane hannun jari a kan dala 17.

To, me kowa ya samu? Daimler ya sayar da wani kaso tun da wuri, sannan a 2014 ya sayar da kusan kashi 4 da ya rage masa a kan dala miliyan 780. Gwamnati kuwa ta samu uwar kuɗinta da ɗan kuɗin ruwa. Ba wai ba ta yi tunanin riba ba sam. A yarjejeniyar an ba ta takardar damar sayen hannayen jari kusan miliyan 3 a farashi mai arha, ƙasa da dala 8 kowanne, amma da sharaɗin damar za ta fara aiki ne kawai idan bashin bai ƙare ba har zuwa ƙarshen 2018. A Mayun 2013 hannun jarin Tesla ya doshi dala 90, wato takardar nan ta fara zama dukiyar ɗaruruwan miliyoyi. Sai kamfanin ya tara kusan dala biliyan 1 a kasuwa, ya biya bashin gaba ɗaya, takardar ta mutu. An yi ta tafi cewa ya biya kafin wa'adi, Musk ya gode wa masu biyan haraji. Godiyar ta dace, amma biyan da wurin ma ciniki ne mai riba ga kamfanin.

Duk wanda ya taɓa zama a Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi ya san bambancin hanyoyi biyun da ake ba mutum kuɗi. Akwai rance: ka kawo jingina ko mai tsaya maka, ka ci riba ko ka faɗi ba ruwan mai kuɗi, nasa yake jira. Akwai kuma ba da jari, irin wanda ubangida ke yi wa yaronsa, abin da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi: in an faɗi, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, in an ci riba a raba. Kowanne da adalcinsa. Mai ba da rance ba ya neman riba mai yawa don ba ya ɗaukar kasada mai yawa. Mai ba da jari yana cin kaso don ya yarda zai iya tashi a tutar babu. Abin da gwamnatin Amurka ta yi da Tesla da Fisker shi ne ta ɗauki kasadar mai ba da jari, ta amshi ladan mai ba da rance. Kamfanonin biyu ba su da wata jinginar da ta kai darajar bashin. Gwanjon miliyan 25 ya tabbatar da haka. In abu ya lalace mai biyan haraji ne zai sha, in ya yi kyau ribar ta masu hannun jari ce. Masu zuba jari a sabbin kamfanoni suna rayuwa ne da lissafin cewa goma za su mutu, ɗaya ya biya asarar goman har da rara. Gwamnati ta shiga wannan caca ta hana kanta cin ɗayan.

Masu kare tsarin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa gwamnati ba 'yar kasuwa ba ce, ribarta tana zuwa ta wata ƙofa: dubban ma'aikata a Fremont da ke biyan haraji, hayaƙin da ya ragu, da kuma yadda nasarar Model S ta tilasta wa manyan kamfanonin Detroit da Jamus farkawa. Suna ƙarawa da cewa farashin batir ya faɗo da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2024, daga sama da dala 1,000 a kan kowane ma'aunin kilowat na awa guda zuwa wajen 115, kuma hakan bai faru ba sai don gwamnatoci sun ƙirƙiri kasuwa tun kayan suna da tsada. Sannan akwai tsoron da ya fi wannan: gwamnatin da ta mallaki kaso a kamfanin mota ita ce kuma ke rubuta dokar tsaron mota da ta hayaƙi. Alƙali ya zama mai hannu a shari'a. Ga kuma misalin General Motors, inda gwamnati ta karɓi kusan kashi 61 na kamfanin a 2009, ta sayar a hankali, ta fita da asarar sama da dala biliyan 10. Mallakar hannun jari ba ta ba da tabbacin riba.

Na yarda da duk wannan, amma bai warware ƙullin ba. Takardar damar sayen hannun jari ba ta ba gwamnati kujera a hukumar kamfani, ana iya sayar da ita a kasuwa washegari. Kuma tun da an riga an rubuta ta a yarjejeniyar Tesla, ka'idar ba ta hana ba. Rubutun ne aka yi shi da ƙofar baya.

Duk da hayaniyar da ake kan rance, ba ta nan ne kuɗin mai biyan haraji ya fi zurarewa ba. Rance yana iya dawowa. Wanda ba ya dawowa shi ne rangwamen haraji na har dala 7,500 da aka riƙa yi wa mai sayen sabuwar motar lantarki, wanda shi ma tushensa dokar 2008 ce. A tsarin farko sai wanda harajin da ake binsa ya kai wannan adadi ne zai ci moriyarsa duka, don haka talaka ba ya cikin lissafi. Wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar California a Berkeley, Severin Borenstein da Lucas Davis, sun bi takardun haraji na shekarun farko suka gano cewa kusan kashi 90 na wannan rangwame ya faɗa hannun kashi 20 na Amurkawan da suka fi samun kuɗi. Wannan ita ce hujjar masu adawa da ta fi cizo, fiye da Fisker: direban babbar mota a Ohio da ke lallaɓa tsohuwar akori-kura yana taya lauyan San Francisco sayen motar alfarma, wadda wataƙila zai saya ko babu rangwamen. Ƙari a kan haka, hanyoyin tarayya ana gyara su ne da harajin fetur, santi 18.4 a kan kowane galan tun 1993, mai motar lantarki kuwa yana hawa hanyar ba ya sa ko sisi a wannan asusu. Jihohi da dama sun ɗora masa kuɗin rajista na musamman saboda haka.

Dokar da Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta yi ƙoƙarin ɗinke wasu ɓarakar. Ta hana rangwamen ga wanda ke samun sama da dala dubu 150 a shekara, ko dubu 300 ga ma'aurata. Ta sa iyakar farashi, dubu 55 ga ƙaramar mota, dubu 80 ga manya. Ta kawo rangwamen har dala 4,000 ga mai sayen motar hannu, ta kuma ce sai an haɗa motar a Arewacin Amurka, kayan batirinta kuma su riƙa nisantar China. Gyaran bai yi tsawon rai ba. Dokar kasafi da Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta kashe rangwamen daga 30 ga Satumbar shekarar.

Matsayin Musk a wannan gardama abin kallo ne. A ƙarshen 2021 ya fito ya ce a soke duk wani tallafi, har da na man fetur. Maganar tana da daɗin ji daga bakin wanda ya riga ya haye. Kamfaninsa ya ci rancen ATVM, ya ci sassaucin harajin kusan dala biliyan 1.3 daga jihar Nevada a 2014 don masana'antar batir, masu sayen motocinsa sun ci rangwamen 7,500 har ya cika adadin motoci dubu 200 da tsohuwar doka ta ƙayyade wa kowane kamfani a 2018. Akwai kuma wata hanyar da ba ta bi ta baitulmali amma doka ce ta haƙa ta: kamfanonin da motocinsu suka wuce ƙa'idar hayaƙi suna sayen maki daga wanda ya yi rara. A 2020, shekarar farko da Tesla ya ci riba daga farkonta har ƙarshe, ribar dala miliyan 721 ce, kuɗin sayar da makin kuwa biliyan 1.58. Cire na biyun, na farkon ya koma asara. Wanda ya hau bene ya ce a ɗauke tsani, ba lallai ƙarya yake yi ba game da illar tsani, amma ya kamata a duba wa ya rage a ƙasa.

A ɗaya gefen, shi ma mai cewa a bar kasuwa ta yi halinta yana da bashin bayani. Kamfanonin mai na Amurka suna cin sassaucin haraji kan kuɗin haƙar rijiya tun 1913, da wani kan raguwar man da ke ƙasa tun 1926. Hayaƙin da ke fita daga salansa kuwa babu wanda ke biyan kuɗin asibitinsa a gidan mai. Kasuwar da ake cewa a bari ba ta taɓa zama babu hannun hukuma ba.

Abin da ya sauya launin gardamar gaba ɗaya shi ne China. A 2012 tambayar ita ce ko motar lantarki za ta taɓa yin kasuwa. Yau an wuce nan, ana tambayar wa zai ƙera ta. Cibiyar nazari ta CSIS da ke Washington ta ƙiyasta cewa China ta zuba kusan dala biliyan 231 a wannan fanni tsakanin 2009 da 2023. Ba a yi shi da tsabta ba: a 2016 gwamnatin ta kama kamfanoni suna karɓar tallafi kan motocin da babu su ko ba su kammalu ba, ɗimbin ƙananan kamfanoni sun buɗe sun mutu, har yanzu masana'antu sun fi masu saye yawa. Amma daga cikin wannan ɓarna BYD mai ƙera motocin lantarki da CATL mai ƙera batir suka fito, kuma a 2024 kusan rabin sabbin motocin da aka sayar a China masu caji ne. Batirin litiyam ɗin da yanzu ake haɗawa da sola a gidajen Kano da Yamai, arharsa jikar wannan tallafi ce. Amurka ta mayar da martani da harajin shigo da kaya na kashi 100 cikin 100 a kan motocin lantarkin China a 2024, Tarayyar Turai ta ƙara nata har zuwa kashi 35 da ɗoriya. Shi ma wannan harajin tallafi ne, sai dai mai sayen mota ne ke biyansa a farashi, ba ya bayyana a kasafin kuɗi.

Wani abu a salon China ya dace da zancen ƙiradin da na kawo. A 2020, da kamfanin motocin lantarki na Nio ya kusa kifewa, hukumomin birnin Hefei da abokan jarinsu suka zuba masa yuwan biliyan 7, kusan dala biliyan 1. Ba rance suka ba shi ba. Kashi 24 cikin 100 na reshen kamfanin na cikin gida suka karɓa. Da kamfanin ya farfaɗo ya dawo yana sayen kason daga hannunsu a farashin da ya ninka. Ba ina cewa a kwaikwayi China a komai ba, wasu biranen da suka yi irin wannan caca sun ƙone. Amma a wannan karon gwamnatin 'yan gurguzu ta fi ta 'yan jari-hujja iya lissafin jari.

Zagaye na biyu na rancen ATVM ya ninka na farko. Haɗin gwiwar ƙera batir na General Motors da LG ya samu dala biliyan 2.5 a 2022. A makonnin ƙarshe na mulkin Biden aka kammala biliyan 9.63 ga BlueOval SK na Ford da SK On, biliyan 7.54 ga haɗin gwiwar Stellantis da Samsung SDI, dukansu don masana'antun batir, sannan a Janairun 2025, saura kwanaki a miƙa mulki, kusan biliyan 6.6 ga kamfanin motocin lantarki na Rivian don gina masana'anta a Georgia. Rivian ya yi asarar dala biliyan 4.7 a 2024, don haka tsohuwar tambayar ta dawo da sabuwar riga: Tesla ne na gobe ko Fisker? Saurin da aka yi wajen sa hannu ya ba 'yan adawa abin faɗa. Sai dai yawancin masana'antun nan a jihohin da suka zaɓi Trump suke, Kentucky da Tennessee da Indiana da Georgia, abin da ya sa gwamnonin Republican da dama suke sukar tallafin a taron jam'iyya, su kuma je yanka kintinkirin buɗe masana'anta.

Babbar kasadar da ke kan waɗannan basussuka yanzu gwamnatin ce da kanta. An ba da rancen ne bisa lissafin cewa rangwamen 7,500 da tsauraran dokokin hayaƙi za su ci gaba da kawo masu saye har shekarun 2030. Mai bin bashi ya dawo ya rushe kasuwar da wanda yake bi zai sayar da kaya ya biya shi. Jamus ta nuna yadda abin ke kasancewa: ta yanke tallafin masu saye ba zato a Disambar 2023, cinikin motocin lantarki ya faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu a 2024. Mu da muka ga abin da ya biyo bayan kalma ɗaya kan tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ba ma buƙatar dogon bayani a nan. A Disambar 2025 Ford ya sanar da shafe kusan dala biliyan 19.5 daga lissafinsa saboda ja da baya a harkar lantarki, haɗin gwiwarsa da SK On kuma aka shirya raba shi, shekara guda kacal bayan kammala rancen. Masana'anta ana gina ta ne don shekara talatin, manufar Washington kuwa tana juyawa duk shekara huɗu.

Abin mamaki, gwamnatin da ta fi ƙyamar motar lantarki ita ce ta fara neman kason da na ce an bari ya kuɓuce a 2013. A Agustan 2025 gwamnatin Trump ta juya tallafin da aka yi wa kamfanin Intel, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, alkawari zuwa mallakar kusan kashi 10 na kamfanin. A Oktoba kuma, da aka zo sake duba rancen ATVM na dala biliyan 2.26 da gwamnatin Biden ta ba Lithium Americas don haƙar litiyam a Thacker Pass ta Nevada, Ma'aikatar Makamashi ta ce kafin ta saki kason farko sai an ba ta damar mallakar kashi 5 na kamfanin da kashi 5 na aikin haƙar. Kamfanin ya yarda. A kan batun Intel, Sanata Rand Paul na Republican ya ce wannan taku ne zuwa gurguzu, Sanata Bernie Sanders kuwa, wanda da wuya ya yarda da Trump a kan komai, ya ce in kamfani ya ci riba da kuɗin jama'a, jama'a na da haƙƙin a ba su nasu.